Baƙunta a Birnin Alƙahira

Yau labarin Masar na kawo muku, domin na san cikinku akwai wadda za ta bi wannan hanya wata rana.

Bayan na fita kwalejin horon malamai na yi shekara biyu ina koyarwa, sa'an nan Allah Ya ba ni damar ƙaro ilmi a Jami'ar Azhar. Masallacin Azhar tsoho ne ƙwarai, a shekarar 970 aka aza harsashinsa. Mutanen ƙasarmu sun daɗe suna zuwa can, har akwai wani sashe na masallacin da aka keɓe wa ɗaliban Barno tun zamanin da. Amma mu mata sai bayan dokar 1961 aka buɗe mana ƙofa, kuma wurin karatunmu dabam ne da na maza.

Na sauka cikin watan Oktoba. Kai, gani ya kori ji! Birnin da kewayensa mutum ya fi miliyan 20. Benaye sun toshe sama, motoci ba su daina kuka dare da rana. Ni da sa hannu nake wa 'yan aji a kan Larabci, na ɗauka harshe ba zai dame ni ba. Ashe ban sani ba.

Kashegari na shiga wani kanti na nemi gurasa da Larabcin littafi. Mai kanti ya dube ni ya yi dariya, ya ce ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ashe su gurasa aish suke ce mata, watau rayuwa. Harafin jim kuwa ga suke faɗinsa, jami'a ta zama gam'a. Ƙaf kuma haɗiye shi suke yi, ƙahwa ta zama ahwa. Kunya ta kama ni, na fito ban sayi kome ba.

To, ga kuskuren da na yi, ku ji shi da kyau. Tun daga ran nan na kulle kaina. Daga aji sai ɗaki, a unguwarmu ta Madinatu Nasar. Ba na magana da kowa sai 'yan ƙasarmu biyu da muke haya tare. Su ke yi mini cefane, ni kuwa in dafa tuwo da kukar da na zo da ita. A aji malama takan fara da Larabcin littafi, in bayani ya yi zafi sai ta juya harshen gari, ni kuwa in zauna kamar kurma. Wata biyu ina haka. Kuka ta ƙare, daddawa ta ƙare, ga sanyin Disamba ya shigo, wanda ya fi hunturunmu ratsa ƙashi, gidajen kuwa ba abin ɗumama ɗaki. Wallahi har na fara rubuta wa Baba cewa gida zan komo.

Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu ta cece ni. Ta ji ina tari da dare, da safe ta ƙwanƙwasa ƙofa da bargo a kafaɗa da kofin wani jan abu mai zafi. Na kurɓa, sai na ji zoɓo ne! Su karkade suke ce masa. Ta ce, "Ya binti," watau 'yata, "sa mayafinki, kasuwa za mu."

A kasuwa ta riƙa nuna mini abu tana faɗin sunansa, ina maimaitawa. Bamiya ashe kuɓewa ce. Mulukiyya da suke alfahari da ita, lalo ne tsaf irin na bayan gidanmu. Ta koya mini in ce "Bikam?" watau nawa ne, in kuma taya ba tare da jin nauyi ba. In na yi kuskure mata su yi dariya, su gyara mini, har wata ta yi mini gyaran tumatir. Nan na gane dariyar nan ba ta raini ba ce.

Ita ta koya mini ƙetare titi: ki tsaya gefen wanda ya saba, ki taka in ya taka, kada ki ja da baya. Ita ta fara shigar da ni Metro, jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987. Kowane jirgi yana da taragu na mata zalla a tsakiya. Can nake zama in kasa kunne, kuma rabin harshen gari a nan na tsince shi. Kafin azumi na fara fahimtar malama ko ta juya harshe. Ran da na tsaya bisa gada ni kaɗai ina kallon Kogin Nilu, na tuna takardar Baba, na yi godiya ga Allah da ban aika ba.

Saboda haka, ƙanwata, in tafiya ta same ki, riƙe waɗannan. Tafi da rigar sanyi mai kauri. Tanadi hotuna da kwafin takardunki da yawa, domin takardar izinin zama, wadda suke kira iƙama, sabunta ta ake yi, kada ki bari ta mutu. Ɗauki yaji da kuka da daddawa, amma ki sani za su ƙare. Zumunci da 'yan ƙasarku abu ne mai kyau, sai dai kada ya zama katanga tsakaninki da mutanen gari. Gai da maƙwabta tun ranar farko. Baƙo ko da ido makaho ne, wanda ya ƙi tambaya kuwa shi ya ƙi ɗan jagora.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta yi kuka a waya cikin watannin farko, kada ku ce ta komo. Ku tambaye ta ko ta san sunan maƙwabciyarta.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.