Gidan da Ba a Tambayar Ɗan Wa Ne

Jama'a, in ana zancen shugabancin gidan marayu, ko na wata hukuma mai lura da yara, abin da mutane su kan fara tunawa shi ne kuɗi. Su kan ce shugaban kirki shi ne wanda ya iya shiga ofisoshi da gidajen attajirai ya fito da buhunan hatsi. Ban musa ba, gama yaro ba ya karatu da yunwa. Amma a ganina akwai jarrabawar da ta fi wannan wuya, ita ce ranar da za a kawo yaro ƙofar gida a ce ubansa mugu ne.

Mutumin da na ke so in ba ku labarinsa sunansa Zanna Mustafa, lauya ne, mutumin Barno. A cikin shekara ta 2007 ya buɗe wata makaranta a Maiduguri domin marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, ana kiranta Future Prowess. Da yara 36 ya fara. Ba a biyan ko kwabo: karatu kyauta, tufafin makaranta kyauta, abinci kyauta, in yaro ya yi ciwo a yi masa magani. A sa'an nan fitina ba ta riga ta tashi ba, marayun kuwa irin na ko wane gari ne.

Bayan shekara biyu, watau cikin watan Yuli na 2009, faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan Boko Haram da sojoji da 'yan sanda. Cikin 'yan kwanaki aka kashe ɗaruruwan mutane, har da shugaban ƙungiyar, Muhammadu Yusufu. Daga nan wuta ta yi ta ci shekara da shekaru, marayu suka zama iri biyu. Ga 'ya'yan waɗanda 'yan ƙungiyar suka kashe, ko soja, ko ɗan sanda, ko talaka mai neman abincinsa. Ga kuma 'ya'yan 'yan ƙungiyar su kansu. Na farkon kowa yana jin tausayinsu. Na biyun kuwa, da su da uwayensu, mutane gudunsu su ke yi, waɗansu don ƙiyayya, waɗansu don tsoron kada a ce da su a ciki. Zanna ya karɓi duka biyu, ya zaunar da su aji ɗaya, suna cin abinci tare.

Na san nauyin wannan abu, domin ni ma ina cikin kwamitin wata 'yar ƙungiya a unguwarmu mai tara wa marayu kuɗin makaranta. Wata rana aka kawo mana sunan wani yaro wanda ubansa ya mutu a kurkuku, laifin fashi. Zama biyu muka yi muna gardama a kansa. Wani dattijo, wanda ya fi kowa ba da gudummawa, ya ce in aka ɗauki yaron nan shi ya janye hannunsa. Shugabanmu ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya tuna masa yaron shekararsa bakwai, bai taɓa tare wa kowa hanya ba. Aka ɗauki yaro, dattijo ya janye, muka yi wata da watanni muna kame-kame kafin mu cike gurbinsa. To, ɗan ɗan fashi guda ɗaya ke nan, a gari mai zaman lafiya. Sai ku auna da Maiduguri, inda mai yiwuwa ne uban wannan yaro da uban na kusa da shi sun ɗaga wa juna bindiga.

Wani abin da ya burge ni shi ne Zanna bai tsaya ga yara kaɗai ba. Ya haɗa matan da mazansu suka mutu cikin ƙungiya guda, ana koya musu sana'a, ana taimakonsu su riƙe kansu. Dalilin a fili ya ke ga duk wanda ya taɓa aikin nan. Yaro yana wuni a makaranta, amma a ɗakin uwarsa ya ke kwana, kuma abin da ta faɗa masa da dare ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da malami ya faɗa da hantsi. In uwar tana cikin yunwa da baƙin ciki, aikin malami kamar zuba ruwa ne a kwando.

Aka yi ta ƙone makarantu a ƙasar Barno, har a shekara ta 2014 gwamnati ta rufe makarantun sakandare masu yawa, amma tasa ba ta rufe ba. Cikin watan Afrilu na shekarar nan aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Cibok. Da aka zo neman wanda zai shiga tsakani, Zanna yana cikin waɗanda suka yi aikin, tare da taimakon gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross. Aka sako 21 cikin watan Oktoba na 2016, sa'an nan 82 cikin watan Mayu na 2017. Sakin na biyu musaya aka yi da waɗansu 'yan ƙungiyar da ke tsare, abin da bai yi wa kowa daɗi ba, kuma ban ga laifin wanda aka kashe wa ɗa in ya ƙi yarda da shi ba. Amma me ya sa mutanen da ba su amince da kowa ba suka saurari wannan lauya? A ganina sun san wanda ya ciyad da 'ya'yan 'yan'uwansu sa'ad da kowa ya juya musu baya. Kada fa a ce dabara ce ya shirya tun farko. Sa'ad da ya fara karɓar yaran nan ba mahalukin da ya san abin da zai faru a Cibok.

A cikin shekara ta 2017 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da 'yan gudun hijira ta ba shi lambar girma da a ke kira lambar Nansen. A lokacin nan makarantar tana da yara 540, fiye da rabinsu mata, kuma tun 2016 ya buɗe ta biyu. Jaridu sun buga hotonsa, ya kuwa cancanta, ko da ya ke na so a ce an buga na masu dafa abinci da malaman da su ke fitowa aiki a ranakun da a ke jin ƙarar bindiga.

Yara 540 abu ne babba ga makaranta guda. Amma a wajen lokacin nan gwamnan Barno, Kashim Shettima, ya ce marayun da fitinar ta bari sun wuce 50,000. Sauran suna hannun kakanni, da maƙwabta, da sansanonin 'yan gudun hijira.