Jambiani: Ƙauyen Da Teku Ke Tsara Wa Mutane Lokacin Aiki

Duk mai duba Instagram ya ci karo da hotunan Zanzibar: farin yashi kamar garin alkama, shuɗin ruwa, ga amarya da ango a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara da tallan gidaje, farashi da dala, ana cewa ka saya ka riƙa ba baƙi haya. Da yawa daga waɗannan hotuna a gaɓar kudu maso gabashin tsibirin Unguja ake ɗaukarsu, inda ƙauyen Jambiani yake. Daga tsohon birnin Zanzibar tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce a mota, ta cikin dajin Jozani mai jajayen birai.

Ƙauyen dogo ne siriri, ya miƙe a bakin teku tsawon kilomitoci. Tsofaffin gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su, an rufe da ganyen kwakwa ko kwano. Otal-otal sun tare gaban ruwa, mutanen gari suna baya. Kusan kowa Musulmi ne, Suwahili ake ji, kuma Bahaushe zai tsinci kalmomin da ya sani tun daga gida: sabuni, duniya, habari wato labari. Abinci na halal ne, masallatai kusa. A Kizimkazi, can kudu kaɗan, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ya nuna shekarar 1107 miladiyya.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a kwana guda teku yakan janye nesa, har ka hango shi kamar zare, sannan ya dawo. Wannan janyewar ce agogon gari. Masunta da kwale-kwalensu mai fikafikan katako, ngalawa, sai ruwa ya cika suke fita. Mata kuwa sai ya janye suke shiga gonakinsu, don gonakin a cikin teku suke.

Ciyawar teku suke nomawa, wadda suke kira mwani. A 1989 aka fara noman ta don sayarwa a wannan yanki, da irin da aka kawo daga Filifin. Mace za ta kafa turaku a cikin yashi, ta ja igiya, ta ɗaure ƙananan rassa a jiki, bayan kamar mako shida ta girbe ta shanya. A nan sana'ata ta haɗu da tasu. Daga wannan ciyawa ake fitar da karajinan, sinadarin da ke sa man goge baki ya yi kauri, ana kuma zuba shi a askirim da wasu magungunan sha na ruwa. Wato mai yiwuwa guminsu yana cikin banɗakinki yanzu haka. Sai dai kuɗin da ke shiga hannunsu kaɗan ne, aikin kuma yana cin jiki: ciwon baya saboda sunkuyo, ciwon ido saboda hasken rana a kan ruwa, ƙaiƙayin fata saboda gishiri. Ga shi ruwan bakin gaɓa ya ƙara ɗumi, irin da ya fi tsada yana ta mutuwa, an bar su da mai arha.

To, batun mallakar gida. A nan nake so maigida ya gyara zama. A dokar Zanzibar ƙasa ta gwamnati ce, baƙo ba ya sayen fili ya zama nasa har abada. Abin da ake ba shi haya ce ta dogon zango, wadda ba ta wuce shekara 99, ko kuma ya sayi gida a cikin rukunin da hukumar zuba jari ta ZIPA ta amince da shi. Kuma dokar filaye ta Zanzibar daban take da ta sauran Tanzaniya, duk da sun haɗe tun 1964, saboda haka lauyan da ya san dokar tsibirin ake nema. Filayen ƙauye da yawa na gado ne, magada sun yi yawa, mu ma mun san yadda irin wannan ke ƙarewa. Wanda ya tura dala saboda bidiyo da kalaman dillali, ba tare da ya taka wurin ya ga takarda ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Ko takarda ta inganta, da sauran lissafi. Ƙasar wurin dutse ce mai ramuka, ba ta riƙe ruwa, rijiyar da ke kusa da teku kuma takan yi gishiri. Iskar teku tana cin ƙarfe, kwano da na'urar sanyaya ɗaki da ƙyauren ƙofa duk ba sa daɗewa. Lantarki ta wayar ƙarƙashin teku yake zuwa daga babban yankin ƙasar. Lokacin da ta lalace a Disambar 2009, tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu. Haya kuma ta lokaci ce: daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, baƙi su ɗauke ƙafa, wasu otal ma rufewa suke yi.

Ni abin da na fi dubawa a kowane gari shi ne nisan asibiti. A ƙauyen akwai ƙaramin wurin shan magani, akwai asibiti a Makunduchi, babban asibitin Mnazi Mmoja kuwa sai an koma birni. Abin da ya fi ƙarfinsu sai Darussalam, sa'a biyu a jirgin ruwa. Ga matashi mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga dattijo mai hawan jini da ke mafarkin yin ritaya a bakin teku, ko mai juna biyu da aka taɓa yi wa tiyata, abin a yi tunani ne sosai.

Ziyara kuwa, ina ba da shawarar a je. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, tun daga gida ake nema ta intanet, kuma tana ɗaukar lokaci, kada a sayi tikiti a ƙurarren lokaci. Ana bi ta Adis Ababa ko Nairobi. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara. Allurar sai ta kwana goma take fara aiki a hukumance, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai ciki da jaririn da bai kai wata tara ba su fara ganin likita. Tun 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo baligi sai ya biya inshorar dala 44 ta gwamnatin Zanzibar, ko da yana da wata. Kada a sa kaya a leda, an hana ta a Tanzaniya tun 2019.

Magungunan da ake sha kullum a tafi da isassu, a cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita. Danshi da zafi suna lalata ƙwaya, don haka kada a ɓare su a zuba a roba ɗaya. Mai allurar insulin ya tambayi masauki ko akwai firji da janareto kafin ya biya. A saka gishirin ORS da zinc saboda yara, a sha ruwan gora kawai. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin, amma a kwana cikin gidan sauro, wanda ya ji zazzaɓi kuma ya yi gwaji kafin ya sha komai.

Idan ruwa ya janye yara za su so bin sa a guje. A sa musu takalmin roba, saboda bushiyar teku tana ɓoye a tsakanin duwatsu, ƙayarta kuma karyewa take a cikin ƙafa. Idan ta soki mutum, a jiƙa wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, a cire wadda ta fito, sauran a bar wa ma'aikacin lafiya. A kuma tambayi mutanen gari lokacin dawowar ruwa, don yana dawowa da sauri fiye da yadda baƙo ke zato. Kifi da shinkafar kwakwa a ci a more. Naman kunkurun teku ne kaɗai ko an ba ku kyauta kada ku taɓa: a Maris 2024 ya kashe yara 8 da babba ɗaya a yankin Pemba, kuma dafuwa ba ta kashe gubarsa.