Littafinmu ya ƙone a Shasha, yaranmu suka koya mana ajiya



Duk wanda yake Kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba zai manta da abin da ya faru ba. An yi asarar rayuka, rumfuna sun ƙone, tumatir da albasa sun tafi, aka rufe kasuwar na wani lokaci. Cikin abin da wuta ta ci har da littafin ƙungiyarmu, mai ɗauke da sunayen mambobi da kuɗin wata da lissafin adashi. Kwafi ɗaya ne tak. Da ƙura ta lafa, sai ga dattijo yana cewa ya zuba na wata 7, mu kuma ba mu da shaidar da za mu gaskata shi ko mu musa. Mun ji kunya ƙwarai, domin amana ce aka ba mu.

Bayan haka ne wasu yaranmu na Sabo da suka koyi rubuta manhaja suka haɗa mana 'yar ƙaramar manhajar rajista a waya. Mu ba sana'armu ba ce. Sai dai mun zauna kusa da su, muna kallon baƙin allon da suke buga umarni a kwamfuta, muka kuma rubuta layukan da suka fi maimaitawa. Ga su nan, don amfanin sauran matasanmu masu koyon wannan aiki.

Na farko shi ne ajiya. Bayanan manhajar suna cikin SQLite, kuma layi ɗaya ke fitar da cikakken kwafi:

sqlite3 rajista.db ".backup ajiya.db"

Idan fayil ɗin yana cikin waya, sai a jona ta da kwamfuta, a buga adb devices don tabbatar da an gan ta, sannan a jawo shi:

adb pull /sdcard/Download/ajiya.db

Duk ranar Juma'a muke yin wannan. Kwafi ɗaya yana ofis a Shasha, ɗaya yana Sabo, don kada wuta ɗaya ta haɗa su.

Na biyu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Kafin a ɗauke wuta, yaran kan buga:

git add .
git commit -m "gyaran yau"
git push

Shi ke nan aikin ya hau intanet. Amma mun gindaya musu sharaɗi: rubutun manhaja kawai ake turawa, ban da sunayen mambobi da lambobinsu. Sirrin mutane ba na talla ba ne.

Na uku ya shafi harshenmu. Wata rana manhajar ta ƙi haɗuwa, aka kwana ana neman dalili. Ashe kalmar jama'a ce. A fayil ɗin strings.xml na Android, dole a sa karan \ kafin alamar da ke tsakiyarta, wato a rubuta jama\'a, haka ma \'ya\'ya. Fassarar Hausa kuwa ana ajiye ta ne a jakar values-ha.

Sai matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa. Wani ya rubuta Ɗanjuma, wani Danjuma, mutum ɗaya ya zama biyu a rajista, har aka nemi ya biya sau biyu. Yanzu kafin bincike ana daidaita su a kwafin gwaji:

sed 'y/ƙɗɓƘƊƁ/kdbKDB/' sunaye.txt | grep -i danjuma

Ainihin fayil ɗin ba ya canzawa, sunan kowa yana nan yadda iyayensa suka raɗa masa.

Na huɗu saboda tsadar data ne da ƙarancin wuri a wayoyin 'yan kasuwa. Masu aiki da Flutter su buga:

flutter build apk --split-per-abi

Maimakon babban fayil ɗaya, za a sami ƙanana, kowace waya ta ɗauki wanda ya dace da ita, a tura ta Xender ba tare da an kashe data ba. In kuma an manta wani dogon umarni, a danna Ctrl da R a buga kalma ɗaya daga cikinsa, zai dawo.

Dattijon nan daga baya mun karɓi maganarsa, muka cike gurbin daga asusun ƙungiya. Fatanmu kada a sake kaiwa ga haka. Don haka muna roƙon matasanmu, duk wanda ya san wani gajeren layi mai amfani ya kawo ofis mu ƙara a takarda, domin ranar da yaran nan za su tafi neman aiki Legas ko Kano, kada ilimin ya bi su. Su kuma shugabannin adashi, a taimaka a riƙa kawo lissafi kafin Juma'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren ƙungiya