Waƙoƙi bakwai na 1974 zuwa 1977, da gyaran da Baba ya yi mini

Duk wanda ya taɓa kawo mini ziyara hostal a nan Ibadan ya san maƙwabcina, dattijon nan Bayerabe da ya yi ritaya daga koyarwa a sakandare ya dawo neman digiri na uku. Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Yana da wata 'yar sifika da ba ta wuce girman sandar sabulu ba, kullum bayan isha'i sai ya jona ta da waya ya saki waƙoƙin zamanin samartakarsa. Da farko wallahi haushi abin yake ba ni. Ga babi na biyu na furojet ya ƙi gaba ya ƙi baya, ga wani Bature yana ta kuka da jita ta cikin bango.

Rannan ina wanke kwano a baranda sai ya saki wata, na ji gabana ya faɗi. Ban san mai ita ba, ban san kalma ko ɗaya a cikinta ba, amma na san duk inda karin zai hau da inda zai sauka. Ita ce Babanmu yake rerawa a maƙoshi, baki rufe, duk lokacin da aka miƙa masa jariri a gidanmu. Ya yi wa ƙannena, ya yi wa 'ya'yan yayyena, Umma ta ce ni ma an yi mini. Baba fa mutum ne da rediyonsa ba ta wuce labarai da tafsiri, in ta yi nisa Shata. Ni duk rayuwata na ɗauka wata tsohuwar ƙasida ce da ya manta baitocinta.

Da kumfa a hannuna na ƙwanƙwasa wa Oga ƙofa. Ya faɗa mini sunanta, ya yi dariya har da tari, sannan halin malanta ya motsa: ya tura mini waƙoƙi kusan arba'in, duk na tsakanin 1974 da 1977, ya ce in saurara wata guda in jero masa bakwai daga ƙasa zuwa sama, kowace da dalili. Sharaɗinsa na Turai da Amurka kaɗai, don haka mai shirin tambayata ina "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga ko "Water No Get Enemy" ta Fela, ya yi haƙuri, ba ni na tsara jarrabawar ba. Mai shirin yi mini wa'azi kan kiɗa kuma, na san maganar, na san saɓanin da ke cikinta, ba ita ta kawo ni yau ba.

Ta bakwai "Dancing Queen" ce ta ABBA, mutum huɗu 'yan Suwidin, 1976. Na so in cire ta saboda girman kai, don waƙar biki ce tsantsa, har sun rera ta a shagalin jajibirin auren sarkin ƙasarsu a Yunin shekarar. Sai na kama kaina ina gyaɗa kai a laburare babu ko iyafis a kunnena. Waƙar da ta bi ka har laburare ta ci kujerarta. Ta shida "Shining Star" ta Earth, Wind & Fire, 1975, ko minti uku ba ta cika ba, ta shigo da ƙarfinta ta gama ta fita, ba ta ci wa kowa data ba.

Ta biyar ce ta fara jawo mana gardama. Oga yana ganin "Hotel California" ta Eagles, wadda ta fito a ƙarshen 1976, ita ce sarauniyar zamanin gaba ɗaya. Ni kuma minti huɗun farko ba su dame ni ba, labari ne na matafiyi da ya sauka a wani masauki ya kasa fita, mutane sun yi ta ƙulla masa fassarori na tsoro alhali masu waƙar sun ce rayuwar holewa da almubazzarancin Amurka suke zunɗe. Abin da ya saye ni minti biyun ƙarshe ne, inda murya ta yi shiru aka bar Don Felder da Joe Walsh da jitocinsu. Wannan ya faɗa, wancan ya mayar masa, can sai su haɗe su tafi tare. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban makaɗan kalangu biyu suna yi wa juna magana da fata ya san abin da nake nufi. Na gaya wa Oga haka, ya ce su ma gangarsu tana magana, kada in yi masa burga.

Ta huɗu, "Band on the Run" ta Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings, na yarda akwai son kai a ciki, don a ƙasar nan aka ɗauke ta. A 1973 McCartney, wanda duniya ta sani tun yana Beatles, ya ga kamfanin EMI yana da situdiyo a Legas, ya ɗauka zai zo ya sha hantsi a bakin teku da rana ya yi waƙa da dare. Ana gab da tafiya mutum biyu suka fice daga ƙungiyar, har da mai ganga, suka rage shi da matarsa Linda da Denny Laine. Suka sauka a ƙarshen damina, suka tarar da situdiyon Apapa ba yadda suka zata ba. Wani dare shi da matar suna tafiya a ƙasa 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka ƙwace har jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin. Ga Fela ya fito fili ya ce Baturen ya zo satar kiɗan Afirka ne, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji babu kiɗan kowa a ciki. Da kansa ya zauna ya buga gangar, waƙoƙin da aka sace ya sake haɗo su da ka. Kundin ya fito a Disambar 1973, waƙar kanta ta kai ta ɗaya a Amurka a 1974.

In ka saurare ta za ka ji kamar waƙoƙi uku ne aka ɗinke: ta fara a hankali kamar mutumin da aka kulle, ta ɗau zafi, sai kuma ta buɗe wayam. Duk ɗan arewan da ya taɓa sauka a tashar mota a kudu da ƙarfe huɗun asuba, da jaka ɗaya da lambar wayar mutum ɗaya da ba ya ɗagawa, ba sai an fassara masa Turancin ba.

Ta uku "Lovin' You" ce ta Minnie Riperton, wadda ta kai ta ɗaya a Amurka a 1975. Babu ganga a cikinta sam. Jita ce, da piyano, da kukan tsuntsu, da wata murya da take hawa har ta koma kamar sarewa. Karin ya samo asali ne daga lallashin 'yarta Maya tana jaririya, kuma a ƙarshen doguwar waƙar har sunan yarinyar take kira. Shekara guda bayan nan aka gano tana da sankarar mama, ta rasu a 1979 tana da shekara 31. Shekara uku ko huɗu kacal ta girme ni a yanzu. Ba na kunna ta in ina da karatu a gabana.

Yanzu ga inda na san zan sha suka. In ana maganar gwaninta zalla, "Bohemian Rhapsody" ta Queen ta fi duk waɗannan, ta fi ma wadda na ɗora a kanta. Ta fito a Oktobar 1975, kusan minti shida a lokacin da gidajen rediyo suka fi son minti uku, amma ta yi mako tara tana ta ɗaya a Ingila, ta sake komawa bayan rasuwar Freddie Mercury a 1991. Shi Freddie ɗin ma haihuwar Zanzibar ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta da amshi. Mu da muka tashi da Shata da Ɗanƙwairo, amshi shi ne gidan waƙa, duk inda mawaƙi ya yi yawo nan zai dawo ya huta. Wannan kuwa ba ta waiwaye. Daga muryoyi zalla ta shiga piyano da kukan yaron da ya yi kisa yana gaya wa uwarsa, daga nan ta faɗa wani sashe da za ka rantse mutum ɗari ne suke rerawa, alhali mutum uku ne, Freddie da Brian May da Roger Taylor, suka yi ta ɗora murya kan murya a tef. Daga nan jita ta ɓarke, sannan komai ya lafa.

A tsakiyar wancan hayaniyar akwai inda suka ambaci kalmar da muke buɗe cin abinci da karatu da ita. Ranar farko sai da na mayar baya sau uku don in tabbatar kunnena ne ko gaske ne. Har yau wajen yana yi mini wani iri, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ya hana ta zama ta ɗaya ba. Waƙa ce da kake tsayawa ka kalla kamar babban gini, ka jinjina wa magini, ka wuce. Ba ta taɓa kwana a gidanmu ba.

Ta ɗaya ita ce ta Baba: "Isn't She Lovely" ta Stevie Wonder, daga kundin "Songs in the Key of Life" mai waƙoƙi 21 da ya fito a Satumbar 1976. Makaho ne tun yana jariri, aka haifa masa 'ya a 1975, ya zauna ya yi waƙar kyawun yarinyar da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Sunanta Aisha, sunan da da wuya ka shiga gida a wajenmu ka rasa shi, har namu. Ta fara da kukan jariri, can gaba ka ji shi yana yi wa yarinyar wanka suna surutu, shi kuma yana bi da ɗan abin busar nan nasa da ake kaiwa baki, harmonika. Ta haura minti shida. Kamfaninsa Motown ya so a gajarta ta a sayar da ita ita kaɗai, ya ƙi. Duk da haka gidajen rediyo suka yi ta sa ta. Oga ya ce wannan ba dalilin ilimi ba ne, son zuciya ne, kuma "Sir Duke" da ke kundi ɗaya da ita ta fi ta tsari. Na ce na ji, a rage mini maki.

Shi ya ba ni ragowar labarin. Stevie Wonder ya zo Legas bikin FESTAC da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, wanda mu a arewa hawan dabar Kaduna kawai iyayenmu suke ba mu labari. Yana nan ƙasar aka ba kundin lambar Grammy ta gwarzon shekara, aka haɗa shi da zauren ta tauraron ɗan'adam, layin ya yi ta yankewa, har mai gabatarwa Andy Williams ya ruɗe ya tambayi makaho ko yana ganinsu. Ina jin shekarar na tsaya lissafi. Baba ya yi bautar ƙasa a Legas daga 1976, watanni bayan kashe Murtala. Wannan kaɗai na sani game da shekarar, don bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Wayata da Baba ba ta wuce minti biyu: lafiya, ya karatu, akwai kuɗi a hannunka, Allah ya yi albarka. Tun ciwon da ya yi bara maganarsa ta ƙara nauyi, ni kuma na ƙara jin nauyin tsawaita masa. Kwana huɗu ina ɗaga waya ina ajiyewa. Ran Juma'a da dare na kira, muka gaisa, na ce Baba akwai abin da nake so ku ji, na kara wayar a sifikar Oga.

Shiru ya yi har na duba ko layin ya katse. Can ya ce, "Kai, a ina ka samo wannan?"

Minti arba'in muka yi. Ashe ɗaki ɗaya suka zauna da wani ɗan Binin mai garmaho, a Ikko, don shi har yau bai iya cewa Legas ba. Ashe ya yi wandon nan mai faɗin ƙafa, ya tara suma. Bai ga Stevie Wonder ba, ranar yana wajen aiki, abokin ne ya je ya dawo ya hana shi barci da labari. Faifan kuwa sun saurare shi har ya fara tsalle. Da zai dawo gida ya bar wa abokin komai, don ya san Kaka ba zai bari a shigar masa da garmaho gida ba. Na karanta masa jerina tun daga ta bakwai. ABBA ya ce ta mata ce. Queen ya ce bai san su ba. Da na gama sai ya ce, "Ba ka sa Manhattans ba?"

Na ce wace ciki, Baba?

Ya ce "Kiss and Say Goodbye", ita ce ta ɗaya, sauran duk su biyo baya. Na ji Umma daga nesa tana tambayar wa yake magana da shi haka tun ɗazu, ya ce mata yaron nan ne na Badun, ya yi mini addu'a ya kashe.

Tana cikin arba'in ɗin Oga, ni ne na tsallake ta. Ta 1976 ce, ita ma ta kai ta ɗaya a Amurka. Ta fara da wani mai kaurin murya yana magana ba waƙa ba, yana gaya wa wata mace yau ce haɗuwarsu ta ƙarshe saboda nauyin da ke kansa. Baba ya baro Ikko a 1977, shekarar da ta biyo aka ɗaura aurensa da Umma. Oga ya saurari wannan lissafin nawa, ya cire tabarau ya goge, ya ce Malam, wannan tambayar kada ka yi ta a waya.

Hutun ƙarshen zango saura mako biyar. Na riga na sayi irin 'yar sifikar a Dugbe, tana cikin jaka.