Ciwon Kan Auta

A bazarar 2017 rediyo ba shi da labari sai na sanƙarau a Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma a daidai lokacin ne autata ta fara wani ciwon kai da ya tayar mana da hankali a Katabu. Shekararta shida. Takan dawo daga Islamiyya da yamma ta ƙi abinci, fuska ta yi fayau, ta shige ɗaki ta tusa kai ƙarƙashin filo, ta ce a rufe taga, a kashe rediyo. Can sai amai. In ta samu barci na awa biyu ko uku, sai ta tashi garau tana neman tuwo, kamar ba ita ba.

Wannan tashi garau ɗin shi ya raba kan gidan. Babanta ya ce lambo ne don gudun hadda. Surukata Inna ta ce yarinya ta bi ta kan bola da magariba, ta sa aka karɓo rubutu, aka turara habbatus sauda. Mai kyamis na bakin titi kuwa duk zuwa maganin maleriya yake miƙo mana, in bai yi ba ya ce taifot ce, alhali jikinta ko ɗumi babu.

Ranar da ta ce tana ganin walƙiya a idonta, muka tari mota a Mararraban Jos, ta Rigachikun da Kawo, sai Asibitin Barau Dikko, Inna na riƙe da ita. An gwada jini, ba maleriya. Likitar yara ta lanƙwasa wuyanta, ta haska cikin idonta, ta sa ta tafiya a kan layi ɗaya. Sauran aikin duk tambaya ce, kuma har yau ina ganin wannan tambayar ta fi duk ƙwayoyin da muka saya amfani. Ƙarfe nawa yake farawa? Ta ci abincin rana? Tana amai in ta shiga mota? Sannan ta juya: "Hajiya, akwai mai irin wannan a gida?" Inna ta yi jim, ta ce ita tun tana budurwa take ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta a duhu, ba ta taɓa lissafa shi cikin cututtuka ba.

Ciwon ɓarin kai ne, in ji likita, kuma yana bin jini. A yara yakan kama goshi gaba ɗaya, ya fi na manya saurin wucewa, wani yaron ma da ciwon ciki yake zuwa masa. Yunwa, ƙishirwa, zafin rana da ƙarancin barci ke taso shi. Auta kuwa daga boko take zarcewa Islamiyya da ɗan biskit a ciki.

Likita ta ce a ba ta farasitamol daidai nauyinta da zarar ya fara, kada a jira amai, kada kuma a mai da shi na kullum, don yawansa ma yana jawo ciwon kai. Asfirin ba na yara ba ne. Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko ya riƙa tashinta daga barci da aman asuba, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko da tsakar dare ne a kawo ta.

Mun koma da littafin rubutu da aka ce in riƙa sa ranar da ciwon ya zo da abin da ta ci. Cikin 'yan makonni ya nuna cewa ranakun da ba ta ci abincin rana ba ne suka fi yawa. Babanta da kansa ya je ya roƙi malaminsu a bar ta ta riƙa zuwa a makare kaɗan, da gorar ruwa a jaka. Da azumi ya kama a ƙarshen Mayu ta dage sai ta yi na rabin rana irin na ƙawayenta, Inna ce ta hana.