Zaren Ruwan da Fari Ke Tsinkewa

Bishiya ba ta da zuciyar da za ta harba ruwa sama. Ganye ne ke ja: yayin da danshi ke fita ta ƙananan kafofinsa, sai ya janyo ruwa tun daga saiwa, ta cikin siraran jijiyoyi, tamkar zare ɗaya miƙaƙƙe. Masana biyu, Dixon da Joly, suka bayyana haka a 1894.

Idan ƙasa ta bushe, jan yakan tsananta har iska ta kutsa cikin jijiya, zaren ya tsinke. Jijiyar da iska ta toshe ta daina ɗaukar ruwa, kuma idan irinta suka yawaita, tsiron ya mutu.

An daɗe ana zaton zaren ciyawa ya fi na bishiya saurin tsinkewa. Gwaje-gwaje sun nuna akwai ciyayin da jijiyoyinsu ke jure fari kamar na itatuwa, musamman masu taurin kara. Babban bambancin yana ga dabara. Gero yakan kammala rayuwarsa cikin kimanin kwana 90, ya bar wa rani ƙwaya kawai. Gawo ba shi da wurin gudu, sai ya zura saiwa har ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake shar da ganye a tsakiyar rani.

Sai dai dabarar gawo tana da sharaɗi. Idan ruwan ƙasa ya janye ya wuce inda saiwa ta kai, bishiyar da ta daɗe tana ciyar da awaki za ta iya bushewa a tsaye. Manomin da fari ya ci wa gero zai sake shuka baɗi. Wanda ya rasa gawo kuwa, sai 'ya'yansa su ga madadinsa.