Daga Kawukudi Zuwa Bakin Teku: Yini Guda A Gefen Gota

A wannan watan ba mu yi nisa ba, ba mu hau motar Kumasi ko ta Tamale ba. Ruwan nan da ke wucewa ta bayan gidajenmu muka bi, domin mu ga inda yake zuwa. Abin da ya jawo tafiyar kuwa gardama ce da ta ɓarke a majalisarmu ta shan ataya, bayan aikin gayyar da muka yi na yashe gota ya tashi a banza. Wasu suka ce laifin hukuma ne, wasu suka ce mu mutanen zango ne ba mu da tsabta. Da musu ya yi tsawo sai wani dattijo a cikinmu ya tambaya, shin a cikinmu akwai wanda ya taɓa bin gotar nan har ƙarshenta? Aka yi tsit. To, tun da gani ya kori ji, sai muka sa ranar Asabar, mu shida, malaman makaranta uku da samari uku, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Daga Kawukudi muka fara, kusa da babban Masallacin Ƙasa wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe shi a 2021. A can sama ruwan bai taka kara ya karya ba, ɗan siriri ne, kuma warinsa da sauƙi. Abu na farko da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan abin da kowa ke kira gota, asalinsa rafi ne. Allah ne ya yi shi, ba injiniya ba. Yana nan tun kafin Malam Amadu Futa ya karɓi filin nan daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, ya sauka da shanunsa, har wurin ya zama Nima. Tsofaffinmu suna ba da labarin cewa sun yi wanki a cikinsa, sun yi iyo suna yara. Yau idan ka faɗa wa ɗalibi haka sai ya yi maka dariya. A ganinmu sunan ma yana cikin abin da ya kashe shi, domin wanda zai ji kunyar zuba shara a rafi ba zai ji kunyar zuba ta a gota ba.

Da muka gangara tsakanin Nima da Mamobi sai labari ya sha bamban. A nan ne gidaje suka matse ruwan dama da hagu, wasu ma bangonsu a kan gaɓar yake, kuma kowane gida ya zuro bututunsa. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, har da abin da ba ya faɗuwa a takarda, duk a nan suke haɗuwa. Ruwan ya koma baƙi ƙirin, a wasu wuraren ma ba ka ganinsa sam, sai dai ka ga leda tana motsi ka san akwai ruwa a ƙarƙashi. Mun tsaya a kan wata gada muna ƙirga abin da idonmu ya gani: ledar ruwan sha, baƙar leda, robar lemo, farin mazubin abincin nan mai kama da kumfa, tsummokara, tsohuwar katifa, kujerar roba mai ƙafa uku, da mushen akuya. Kaji suna kiwo a kan tarin kamar a tudu. Ga yara 'yan makarantar allo suna tsallakawa ta kan wani katako, alhali kuwa in ƙafar ɗayansu ta zame sai dai wani ikon Allah.

Mu da muka haura shekara arba'in mun san lokacin da ba haka abin yake ba. Muna yara a ganye ake zuba mana wake da shinkafa, a kofi ake sayar da ruwan sanyi a tasha, uwa kuwa da kwandonta take zuwa kasuwar Nima. Ganye in an yar da shi ruɓewa yake yi, ko akuya ta cinye. A cikin shekarun 1990 ne ruwan leda ya shigo, kuma ba za mu yi butulci ba, ya fi kofin da mutum ɗari ke sa wa baki tsabta. Amma yanzu kokon sidi biyar sai an ƙulla shi a leda biyu, a sa ƙosai a ta uku, a haɗa duka a ta huɗu. Halin zubar da shara bai canza ba tun na kakanninmu, sharar ce ta canza.

A bakin gadar nan muka sha koko wurin wata Hajiya wadda ta ce ta fi shekara ashirin tana sana'a a wurin. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta ce, "Malam, ku da kuka yi boko ku faɗa mini, ina zan kai ta?" Ta nuna mana lungunsu, wanda mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki, balle motar shara. Kwantenar unguwa tana da nisa, in ka je ma sau da yawa ta cika ta tumbatsa, kuma sai ka biya kafin ka zuba. Masu keken aboboya suna zuwa, amma su ma da kuɗi, ga shi ba kowa ya san inda suke juyewa ba. Saboda haka sai a tara shara a buhu a jira hadari. Da ruwa ya kece, sai ka ga yara suna fitowa da buhuna a ka, ana tuttulawa a gota domin ruwa ya tafi da ita. Babu wanda bai san wannan ba a cikinmu, kuma in za mu faɗi gaskiya, akwai gidajen malaman makaranta a ciki. Haka batun bayan gida yake. Gida mai ɗaki goma sha biyu, mai gida ya mai da makewayi ɗakin haya, 'yan haya sai su bi layi a na kuɗi, da dare kuwa leda ce ke rufa asiri.

Bari mu koma kan aikin gayyar da muka ambata. Mun yi shela a masallatai, liman ya yi huɗuba a kan tsabta, samarin majalisu suka fito da shebur da manjagara da baro, mata suka dafa abinci. Tun daga hantsi har azahar muna cikin laka, mun fito da tari ya kai goma sha biyar a gefen hanya. An yi mana alkawarin mota za ta zo ta kwashe a ranar. Ba ta zo ba. Muka yi sintiri a ofis har sau uku, kullum sai a ce mu dawo gobe, motar tana gareji. A rana ta tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk abin da muka fitar ya koma inda ya fito, har da ƙari. Aikin baban giwa ke nan. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan annobar kwalara ta 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 ta kashe fiye da 200, gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata ta zama ranar tsabtace ƙasa. An fara da zafi, manya suka riƙa shiga kwata ana ɗaukarsu hoto, amma cikin 'yan shekaru abin ya yi sanyi, kuma ko a lokacin kukan jama'a ɗaya ne, watau a fitar da shara a bar ta a bakin titi.

Daga nan ruwan ya bi ta wajen Paloma, ya ratsa ƙarƙashin babban titi, ya shiga Asylum Down. Ba mu daɗe a nan ba, domin wani wurin an rufe shi da kankare, sai mun zagaya. A kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakul, a nan rafinmu ya faɗa cikin kogin Odaw. Shi Odaw daga tsaunukan arewacin Akra yake tasowa, wajen Abokobi, ya biyo ta Achimota da Alajo, yana karɓar ruwan unguwanni da yawa, na masu kuɗi da na talakawa. Duk ruwan nan ta wannan ƙofa guda zai wuce kafin ya kai teku.

A nan muka yi shiru. Ranar Laraba 3 ga Yuni, 2015, ruwan sama ya sauka da dare, Odaw ya cika ya rasa hanya, ya hau titi. Mutane suka fake a wani gidan mai da ke nan Sakul, man fetur ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Allah ya ji ƙansu. Ba mu ce shara kaɗai ce ta jawo wannan ba, akwai gine-gine a kan hanyar ruwa, akwai yashin da ya cike kogin, akwai yawan ruwan da aka yi a daren. Amma muna tsaye a kan gadar muna kallon buhunan da ke shawagi a ƙasa, ɗaya daga cikin samarin ya ce wa ya sani ko na lungunsu na ciki. Babu wanda ya amsa masa.

Rana ta yi zafi, sai muka hau trotro zuwa Agbogbloshie. Filin da aka daɗe ana fasa tsofaffin injuna da ƙona wayoyi domin cire jan ƙarfe, an rushe shi a 2021, a shekarar ce kuma aka tashi kasuwar albasa, inda 'yan'uwanmu da yawa daga Nijar ke neman abinci, aka mai da ita Adjen Kotoku. A tsallake ga Tsohuwar Fadama. A matsayinmu na malamai ba za mu wuce wannan suna ba mu ce komai ba. Fadama kalmar Hausa ce, kuma duk Bahaushe ya san ma'anarta: ƙasa mai damshi inda ruwa ke kwanciya. Waɗanda suka raɗa wa wurin suna sun san gidan ruwa ne. A zamanin Nkrumah an tashi mazauna wurin na farko aka kai su Sabuwar Fadama domin a gyara tafkin Korle. Daga baya wurin ya sake cika, musamman bayan rikicin arewacin Gana na 1994, har ƙidayar da mazauna wurin suka yi a 2009 ta nuna kusan mutum 80,000. Duk lokacin da aka yi ambaliya su ake fara nuna wa yatsa, kuma a cikin watan gobarar Sakul an rushe wani sashe na unguwar. Lalle suna da nasu kason, mun ga dutsen shara a bakin ruwan da idonmu. Sai dai wanda ya biyo ruwan daga sama kamar yadda muka yi ya san cewa kafin ya iso gare su ya riga ya mutu.

Tafkin Korle shi ne zangon ƙarshe. Mutanen Ga, masu ƙasar, suna girmama tafkin nan, yana da nasa mai kula da al'ada, kuma kakanninsu sun ci kifinsa. Asibitin Korle Bu ma, wanda aka buɗe a 1923, daga gare shi ya samo suna. Yau babu mai jefa taru a ciki. A bakin teku inda tafkin ke amayar da abin da ya haɗiya, mun tarar da masunta suna warware leda da tsummokaran gwanjo daga cikin tarunsu. Tun wajen shekarar 2000 aka fara wani babban aiki na farfaɗo da tafkin, an yashe, an kashe kuɗi, ya sake cikewa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin da ake kira GARID, wanda ya shafi kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata za a gyara. Muna maraba da shi. Amma injin yashe kogi a ƙasa yake aiki, mu kuwa a sama muke zubawa, kuma babu injin da zai iya tsere da unguwa guda.

A kan yashin nan muka zauna muka yi shawara, muka tsai da abin da za mu kai wa sarakunan zango da limamai da wakilinmu na majalisar gunduma. Ba za mu sake kiran jama'a gayya ba sai mun ga motar kwashewa tsaye a bakin titi tun da safe, domin in aka sake ba samari kunya, nan gaba ko an buga ganga ba za su fito ba. Muna neman a ajiye kwantena kusa da kowace gada, a kuma rubuta ranar ɗaukarta a jikinta yadda kowa zai gani ya yi tambaya in an saɓa. Masu keken shara na unguwa a san su, a san inda suke juyewa. Masu gidajen haya kuwa, tun da dokar gunduma ta wajabta makewayi a kowane gida, muna roƙon sarakuna su fara da nasiha kafin a kai ga sammaci. Mu ma malamai mun ɗaukar wa kanmu abu ɗaya: kowannenmu zai kawo ajinsa bakin gadar nan kafin hutu, a yi darasin labarin ƙasa a tsaye, yara su zana ruwan daga Kawukudi har teku, su rubuta masa suna rafin Nima.

Za a karanta takardar a masallatai bayan sallar Juma'a, duk mai son sa hannu zai same ta a wurin ladan. Mata kuma Hajiya mai koko ta ce a bar mata nasu, ita za ta zagaya da ita gidajen suna da na biki.

La'asar ta yi mana a Korle Gonno, muka yi salla, muka nemi motar Nima. Kafin mu kai Sakul gabas ta haɗe, iska ta fara kaɗa leda a kan titi. Da muka sauka a bakin gadarmu an fara yayyafi, ga wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta fito daga lungu da buhu a ka. Ɗalibarmu ce, 'yar aji uku. Da ta gan mu sai ta tsaya cak, ta rasa gaba za ta yi ko baya. Ɗaya daga cikin samarin ya karɓi buhun, muka taka da shi har kwantena, muka biya kuɗin zubawa.